Santsin hanya ko gangancin direba? Amsa ga wanda motarsa ta ƙwace a ruwan farko

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. A farkon daminar bana na taso daga Zariya zuwa Kano a motata ƙirar Corolla, ni da maiɗakina da ɗanmu. Muna gab da Kwanar Ɗangora aka fara yayyafi, ba ma ruwan kirki ba. Ina tafiya a kan 100, wanda a sanina shi ne iyakar da doka ta yarda da ita a babban titi. Wata motar haya da ke gabana ta rage gudu ba zato don ta ɗauki fasinja, na taka birki tare da karkata sitiyari don in kauce mata, sai kawai bayan motata ya wulwula, muka juya muka faɗa gefen hanya. Allah ya tsare rayukanmu, amma maiɗakina ta karye a hannu. Bakanike ya duba ya ce birki lafiya lau, kuma wata biyu kafin nan na sa sababbin tayoyi biyu a gaba. Abokaina sun ce santsi ne kuma ƙaddara ce, yayana kuwa ya ce ganganci na yi. Don Allah wanne ne gaskiya, kuma me zan yi in haka ta sake faruwa?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina yi maka jaje, Malam, Allah ya ba maiɗakinka lafiya, ya sa iyakar wahalar ke nan. Abin da kake son sani, a yadda na fahimta, shi ne yadda za a raba alhakin abin da ya faru tsakanin hanyar da ta jiƙe da mutumin da ke riƙe da sitiyari, alhali mutumin bai ƙetare iyakar gudun da doka ta gindaya ba, birkinsa yana aiki, har ma ya kashe kuɗi ya sayi sababbin tayoyi. Na ja motar haya tsakanin Kano da Jos na tsawon shekaru kafin in koma koyar da tuƙi, kuma irin labarinka ina jin sa kusan kowace shekara daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Don kada in ja maka rai, ga ra'ayina tun yanzu: abokanka sun yi gaskiya cewa akwai santsi, amma santsin ya iske ka ne ba ka da wata rara da za ka kare kanka da ita, kuma kai ka cinye rarar tun kafin motar hayar ta yi niyyar tsayawa. Yayanka ya ɗan tsananta, sai dai ya fi abokanka kusa da gaskiya.

Abin da ke riƙe da mota a ƙasa

Duk nauyin motarka, da kai da iyalinka da kayanku, yana kan wurare huɗu ne inda taya ke taɓa kwalta, kuma kowane ɗaya bai wuce faɗin tafin hannun babban mutum ba. Aikin birki shi ne ya hana taya juyawa, amma abin da ke tsayar da motar kanta shi ne damƙar da robar taya ke yi wa kwalta a waɗannan wurare huɗu. Saboda haka maganar bakanikenka gaskiya ce, sai dai ba ta warware komai ba, domin lafiyayyen birki a kan tayar da ta rasa damƙa ja da ƙasa kawai zai sa ta yi. Wannan damƙa tana da iyaka, kuma ita ɗin ce dai ake rabawa tsakanin tsayawa da shan kwana da ƙara wuta. Nakan ce wa ɗalibaina su ɗauke ta kamar kuɗin cefane, wanda in ka ƙarar da shi wurin mahauci ba ka da na kayan miya. Lokacin da ka danne birki iya ƙarfinka ka ƙarar da damƙar a kan tsayawa, da ka murɗa sitiyari a daidai wannan lokaci kuwa ka nemi abin da babu shi.

A busasshiyar kwalta damƙar tana da yawa, shi ya sa direba zai shekara yana manne wa bayan motar gabansa, yana taka birki a makare, yana shan kwana da gudu, bai ga komai ba, har ya ɗauka gwaninta ce ke fisshe shi. Da zarar kwalta ta jiƙe, damƙar takan ragu da kusan rabi. Mu yi lissafi da gudun da ka ambata. Motar da ke tafiya a kan kilomita 100 a awa tana cin kimanin mita 28 a kowace daƙiƙa. Tsakanin ganin jar fitilar motar gaba da saukar ƙafarka a kan birki akwai daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ko da hankalinka yana kan hanya, wato mita 28 zuwa 40 sun tafi ba ka rage komai ba. Daga nan a busasshiyar hanya kana bukatar kimanin mita 55 kafin ka tsaya cak, a jiƙaƙƙiya kuwa abin yakan kusanci mita 100, wanda in ka haɗa da na farko ya fi tsawon filin ƙwallo. Ita ma motar gabanka ba nan take ta tsaya ba, amma direbanta ya san zai tsaya kuma ya riga ka farawa, kai kuwa sai da ka gani.

Nisan birki kuma ba ya ƙaruwa kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkuwa yake yi, ta yadda in ka ninka gudu sau biyu nisan ya ninku sau huɗu. Da a kan 70 kake, da nisan birkinka a wannan jiƙaƙƙiyar hanya bai wuce mita 50 ba, kusan abin da ƙafarka ta saba da shi a kan 100 lokacin rani. In motoci biyu suka taka birki a wuri ɗaya, ɗaya a kan 70 ɗaya a kan 100, to a daidai inda ta farko ta tsaya cak, ta biyun tana nan tana gudun kusan 70.

Yayyafin da ka raina

Ka ce ba ma ruwan kirki ba ne, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Daga Oktoba zuwa Mayu babu abin da ke wanke titunan Arewa. Ƙurar hunturu tana kwantawa, baƙin mai yana ɗiga daga tsofaffin injuna, gas yana zuba daga tankoki da tireloli, robar tayoyi tana gogewa tana zama gari, sannan zafin Maris da Afrilu yana narka kwalta har baƙinta ya taso sama ya rufe tsakuwar da ya kamata taya ta kama. Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya na rabin awa, yakan wanke mafi yawan wannan dauɗa zuwa gefen hanya. Yayyafi kuwa kwaɓa ta kawai yake yi, ta zama wani yauƙi kamar miyar karkashi, shi ya sa mintocin farko na ruwan farko suka fi tsakiyar Agusta santsi. Abin ya fi muni a wuraren da motoci ke tsayawa ko suke wahala, kamar mararraba da bakin kasuwa da shingen bincike da hawa, kuma Kwanar Ɗangora wuri ne na tsayawa da lodi. Bahaushe ya kira gajimaren ruwa hadari, ya kira ɓarnar hanya haɗari, bambancinsu lanƙwasar harafi guda, kuma a farkon damina nakan ga kamar da gangan aka yi.

Ni ma ya taɓa kama ni. A wata damina cikin shekarun 1990 ina jan Fijo 504 doguwa cike da fasinja, muka shiga Dajin Falgore ana yayyafi. A wata kwana na ga busassun rassa da duwatsu a gefen titi, alamar wata babbar mota ta lalace ta kwana biyu a wurin, na kuma ga kwaltar tana walƙiya da launin bakan gizo, amma ban haɗa biyun a raina ba sai da na ji sitiyari ya yi sakayau a hannuna kamar an cire shi daga jikin mota. Baƙin man da aka zubar wurin gyara ne ruwa ya taso da shi. Bayan motar ya zame zuwa dama, mota ta ɗauki salati, na ɗaga ƙafa daga totur na bi zamewar da sitiyari, muka tsaya a kan burji muna kallon daji. Na daɗe ina ba da labarin a tasha a matsayin gwaninta. Sai da na fara koyarwa na yarda cewa abu biyu ne suka fisshe mu bayan kiyayewar Allah: gudun bai wuce 60 ba saboda nauyin kaya, kuma babu motar da ke tahowa daga gaba.

Sababbin tayoyinka suna gaba

A cikin wasiƙarka wannan ce jumlar da ta fi ɗaukar hankalina, domin ita ce ta bayyana dalilin da ya sa motar ta juya maimakon ta zarce gaba. Kusan kowane mai faci zai ce maka a sa sababbin tayoyi a gaba, tun da su ne ke juyawa, kuma a mota irin Corolla su ne injin ke ja. Manyan kamfanonin taya kuwa akasin haka suke ba da shawara: in biyu kawai za ka iya saya, a sa su a baya. Dalili shi ne tayoyin baya ne ke riƙe da mota a kan layinta. In na gaba suka zame, mota takan ƙi shan kwana ta nufi gaba, direba yana jin haka a hannunsa, kuma rage wuta yakan dawo da ita. In na baya suka zame, mota juyawa take yi, kuma ba kowane direba ke iya kamo ta ba. A ranar da abin ya same ka, birki ya tura nauyin mota zuwa gaba, baya ya yi sauƙi, sababbin tayoyin gaba suka kama kwalta suka bi umarnin sitiyari, tsofaffin na baya kuwa da ba su da nauyi a kansu suka kasa bi.

Zanen da ke jikin taya magudanar ruwa ne. Sabuwar taya tana zuwa da zurfin zane na kimanin milimita 8, mafi ƙarancin da dokokin ƙasashe da yawa suka yarda da shi 1.6 ne, amma a ruwa aikin taya yakan fara lalacewa sosai tun daga ƙasa da 3. Hanya mai sauƙi ta gwadawa ita ce ka cusa kan tsinken ashana a cikin zanen; in kan bai nutse ba, tayar ta suɗe ko da mai faci ya rantse maka tana da sauran rai. Shekarun taya ma abin dubawa ne, domin roba tana bushewa ta yi tauri ko da zanenta yana nan. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, takan yi gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa. Kamfanoni suna ba da wa'adin da ya fi haka, amma a zafin ƙasarmu na fi karkata ga yin kaffa-kaffa. Tayoyin gwanjo kuwa suna da matsalarsu ta daban, domin da yawa an yi su ne don sanyin Turai da dusar ƙanƙara, wasu kuma an sake yanka musu zane da wuƙa don su yi kama da masu sauran kwana.

Sai maganar iska. Wasu direbobi suna rage iskar taya da damina wai don ta ƙara kama ƙasa, alhali tayar da ba ta da isasshiyar iska ita ce ke saurin hawa kan ruwa. Masu faci da yawa kuma sukan buga wa kowace mota 40 ko 45 ba tare da tambaya ba. Adadin da ya dace da motarka yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗauki zafi.

Shin ganganci ne?

Ka yi daidai cewa 100 ce iyakar ƙananan motoci a babban titi mai hannu biyu a Nijeriya, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Amma wannan lamba rufi ce da aka sa don rana tsaka, busasshiyar hanya da lafiyayyar mota, ba alkawari ba ne cewa duk wanda ke ƙasa da ita ya tsira. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano da aka fara sake ginawa a 2018 tana da nata tarkon, domin inda aka gama kwaltar tana da laushi, mota ba ta girgiza, ƙafa tana nutsewa a kan totur mutum bai ankara ba. FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana ƙirga mutuwar sama da mutum 5,000 a shekara a hanyoyin ƙasar nan cikin 'yan shekarun nan, kuma gudu ne ke kan gaba a jerin dalilan da take bayarwa.

Ni a wurina ganganci hawa biyu ne. Akwai na wanda ya san haɗarin ya kuma yi ko oho, irin direban da ke yin obatekin a kwana ana ruwa yana amsa waya, ko wanda ya haɗiyi ƙwaya don ya yi sawu biyu a yini. Ba na sa ka cikin waɗannan. Akwai kuma na mutumin kirki da ya ci gaba da tuƙin rani bayan sama ta canza, bai rage gudu ba, bai ƙara tazara ba, bai yi zaton motar haya za ta tsaya a inda motocin haya suka saba tsayawa ba. Wannan sakaci ne, kuma shi ya fi kashe mutane saboda masu yin sa sun fi yawa. Batun ƙaddara kuwa ba ni da ja a kansa, abin da Allah ya rubuta ba ya kuskure. Sai dai imani da ƙaddara bai hana bin sababi ba, kuma mun san hadisin da Tirmizi ya ruwaito inda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

In haka ta sake faruwa

Mafi yawan aikin ana yin sa ne kafin a kai ga zamewa. Da ɗigon farko ya sauka a gilashi, ka ɗaga ƙafa ka sauko daga 100 zuwa 70 ko ƙasa, ka kunna fitilun gaba na ƙasa, ka kashe na'urar riƙe gudu in motarka tana da ita. Ka zaɓi wata bishiya ko turken wuta, in motar gabanka ta wuce shi ka ƙirga a hankali. In ka iso kafin ka kai huɗu, ka matse ta da yawa. In wani ya shiga tazarar da ka bari, kuma tabbas za a shiga, ka sake ja baya ba tare da ɓacin rai ba. Ka gama rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Ba na goyon bayan al'adar kunna siginar gargaɗi mai ƙyafta ɓangarori biyu alhali ana tafiya, domin tana hana ka nuna inda za ka juya, kuma na bayanka ba zai bambance ka da motar da ta tsaya ba. In ruwa ya hana ka gani, ka nemi gidan mai ko wani fili nesa da kwalta ka tsaya, kada ka raɓe a bakin titi ko ƙarƙashin bishiya.

In dole ta kama a taka birki da ƙarfi, sai ka san irin birkin motarka. Mai ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa, ana danne shi ne a riƙe, zai yi ta karkarwa a ƙarƙashin ƙafa yana ƙara kamar wani abu ya karye, kuma wannan karkarwar ita ce aikinsa, domin yana saki yana kamawa ne don taya ta ci gaba da juyawa ka iya sarrafa sitiyari. Na ga direbobi da yawa sun ɗage ƙafa saboda tsoron wannan ƙarar. Ka lura ko fitilar ABS tana kunnuwa in ka murɗa makulli sannan ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. In ta zauna a kunne na'urar ba ta aiki, in kuma ba ta kunnuwa sam, mai yiwuwa wani ya cire ƙwan don ya ɓoye matsala kafin ya sayar da motar. A motar da ba ta da ABS kuwa, in ka ji tayoyi sun kulle suna ja, ka ɗan sassauta har su koma juyawa sannan ka sake matsawa.

In baya ya fara zamewa, ka kalli inda kake son zuwa, ka juya sitiyari wajen da bayan ya nufa, da sauri amma ba da fizga ba, ka kuma shirya dawo da shi da zarar mota ta kama, domin zamewa ta biyu zuwa ɗaya gefen ita ce ta fi kifar da motoci. In kuma ka shiga ruwan da ya kwanta a sawun da manyan motoci suka lotsa, ka ji sitiyari ya yi sakayau, to tayoyinka sun hau kan ruwa. Ka riƙe sitiyari a miƙe, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada ka taɓa birki har sai ka ji ƙasa ta dawo hannunka. Dole in faɗa maka gaskiya cewa a kan 100 duk wannan yana faruwa ne cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, kuma karatu kaɗai ba ya koya wa hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka nemi fili mai faɗi da babu kowa bayan an yi ruwa, ka ɗaura bel, ka danne birki a kan 30 sau biyu ko uku don ƙafarka ta san wannan karkarwar.

Iyakar abin da zan iya yankewa daga nan

Ban ga motar ba, ban tsaya a wurin ba, don haka ba zan iya ce maka ga kasonka ga kason wani ba. Direban da ya tsaya ɗaukar fasinja a kan titi ba tare da sigina ba yana da nasa alhakin, haka ma lotsattsiyar kwalta ko toshewar magudanar ruwa in akwai su a wurin, kuma mataccen shokozoba na baya yana iya sa taya ta riƙa tsalle ta rasa damƙa ko da sabuwa ce. In maganar inshora ko shari'a ta taso, rahoton jami'an da suka je wurin shi ne abin dogaro, ba wannan amsa ba. Abin da nake so ka yi kafin ka sake hawa hanyar Kano shi ne ka tsuguna a bayan motar da tsinken ashana ka gwada zanen tayoyin baya, ka karanta lambobin nan huɗu, ka sa a duba shokozoba, sannan a mayar da sababbin tayoyin nan na gaba zuwa baya in ba za ka iya sayen wasu biyu yanzu ba. Ka kuma ajiye lambar FRSC ta gaggawa, 122, a wayarka da ta maiɗakinka. In ka samu lambobin tayoyin ka turo mini, tare da bayanin ko ka ji birkin ya yi karkarwa a ranar, zan iya faɗa maka fiye da haka.